Dabinon da Yaya Bai Tauna Ba

Matso nan kusa ka zauna, in gaya maka wata magana da ta daɗe a ƙirjina. Ba doguwa ba ce, amma ni ban iya gajarta zance ba, sai ka yi haƙuri da ni.

A gidanmu, duk jaririn da aka haifa, ranar da aka dawo da shi daga asibiti sai an miƙa shi ga babban namijin gida, ya yi masa huɗuba a kunne, ya tauna dabino ya goga masa a ganɗa. Malamai tahniki suke ce masa. Mu kuwa dabino kawai muke cewa. An yi masa dabino? Wa ya yi mata dabino? Babanmu ne yake yi har ya koma ga Allah. Shi ma a wurin nasa uban ya gada, wanda ya taso daga ƙasar Kano da ƙafa, ya ratsa Sudan, ya sauke farali, bai sake komawa ba. Mu duka a nan Makka aka haife mu, a Zahir, kuma ni har yau ban bar unguwar ba. In ka ganni a titi, to, ko Harami zan je ko asibiti. Da Baba ya rasu sai abin ya koma hannun babban wanmu. Ni Yaya nake ce masa, 'ya'yana su ce Kawu, in Larabci ya kama bakinsu su ce Khali.

Yaya ba malami ba ne. Direban wayit ne, wato motar nan mai tankin ruwa da take kai wa gidaje. Dogo ne, baƙi, ga murya kamar yana kiran wani daga hayin dutse ko da kana gefensa. Amma in aka ɗora masa jariri a cinya sai muryar ta koma ƙasa ƙasa. Ya leƙa fuskar jaririn ya ce, "Marhaba da baƙo. Ina takardunka? Ba fasfo, ba iƙama, ga shi kuma tsirara. Wa ya bar ka ka shigo Makka?" Mu yi ta dariya kamar ba mu taɓa ji ba, alhali kowane jariri sai ya sha wannan tambayar. Sannan ya ɗauki dabinon ajwa guda, ya yi bismilla, ya tauna ta har ta yi laushi, ya lakato kaɗan da ɗan yatsa. Sai ka ga ɗan bakin nan ya tsuke, ya buɗe, ya fara tsotso. Yaya ya ce, "Kun gani? Namu ne. Makwaɗaici ne."

Tsofaffinmu suna cewa yaro yakan ɗauki halin wanda ya yi masa dabino. Ban san ko haka ne ba, amma yaran gidanmu duk surutu gare su, kuma in faɗa ya haɗa su har gori suke yi wa juna da shi. Wannan ya ce ni Kawu ya ce ban yi kuka ba, wancan ya ce ni har yatsansa na ciza.

Lokacin yaƙin Kuwait, 'yata ta fari tana ƙarama, aka ɗebi direbobi zuwa arewa su riƙa kai wa sojoji ruwa. Yaya yana ciki. Mu nan muna liƙe da rediyo, Inna tana ta jan carbi, ba ta ci ba ta sha. Ya dawo lafiya, ya ƙara baƙi, ya rame, bakinsa cike da labari. Wanda ya fi so shi ne na tankokin yaƙi. Ya ce da aka daina harbi, hanyar da suke bi ta cika da tankoki ƙonannu, an bar su nan cikin yashi. Shi da abokan aikinsa sai su tsaya su hau, su leƙa ciki, wani har ya zauna a kujerar matuƙi a ɗauke shi hoto. Ya ce abin da ya ba shi mamaki, ƙarfe mai kaurin bango, amma sai ka ga 'yar huda zagayayya, sumul, kamar an yi ta da gangan, ciki kuwa komai ya zama toka. Wata baƙar ƙura mai laushi kamar kwalli, ta kama musu hannu da riga da hanci. Ya ce rannan a inuwar wata tanka suka ci gurasarsu don babu wata inuwa a wurin, ya buɗe famfon motarsa ya wanke fuska, ruwan yana sauka baƙi.

Shekara da shekaru yana ba da wannan labarin a kan sufura, wato shimfiɗar abinci, muna ci. Duk baƙon da ya zo sai ya ji shi. 'Yata ta haddace shi tun tana 'yar firamare, in ya tsallake wani wuri ita take tuna masa. "Khali, ka manta gurasar." Babu wanda ya taɓa jin komai a ciki sai abin dariya da jarumta.

Sai girma ya zo. Sukari ya kama shi, hawan jini ya biyo baya, shi kuwa ba ya jin magana a kan shayi. Wata rana ya zo gidana ya cire takalmi, na ga sawun igiyar takalmin ya nutse a ƙafarsa bai taso ba. Na ce, "Yaya, ƙafar nan fa?" Ya ce, "Ƙiba ce, ke dai ba kya son ki ga na yi kyau." Ba a jima ba aka ce ƙoda ce. Ya ajiye mota, suka koma unguwar Ka'akiyya shi da matarsa inda haya ta fi sauƙi, aka sa shi a layin wankin ƙoda. Duk da haka ba a fasa kai masa jarirai ba. Da hannun da babu allura yake karɓarsu.

Sai wata kalma ta shigo mana ta waya. Wani hoton bidiyo aka yi ta turawa a tsakanin matan dangi, na wasu jarirai a asibitin Iraƙi. Ba zan kwatanta maka su ba. Na kalla sau ɗaya, na kife wayar, na shiga banɗaki na yi alwala. Mai magana a ciki yana ta maimaita wata kalma, yuraniyom, yuraniyom. Ya ce da shi aka yi harsasan da aka harbi tankoki, ya ce ƙurarsa tana nan a ƙasa ba ta mutuwa, ya ce tana bin jini daga uba zuwa ɗa.

Washegari da la'asar mata sun taru a falona kamar yadda muka saba, ana shan shayi. Akwai wata maƙwabciyata, mutanenta daga Nijar suke, ta Chadi suka biyo, tana sayar da turaren wuta da yaji. Ita ce ta ce, "Iraniyom? Ai mu mun san shi. A arewacin ƙasarmu ake haƙo shi. Ɗan wan babana can ya yi aiki, da tari ya dawo, da tari ya tafi." Wata ta ce ta ji in ya shiga jikin mutum, ko gawarsa ƙasa ba ta ci. Wata ta ce a'a, haske yake yi a duhu. Ana cikin haka sai wata ƙanwar mijina, ba da mugun nufi ba wallahi, ta ce, "Af, ba yayanki ne yake ba da labarin ya shiga tankokin nan ba? Ga shi kuma ƙoda."

Ni ban yi makaranta mai nisa ba, amma Allah ya ba ni kunne. Ina jin inda magana ta canja hanya. Kowa ta ce Allah ya ba shi lafiya, aka koma zancen tsadar tumatir. Amma a "Allah ya ba shi lafiya" ɗin nan na ji abin da babu shi jiya.

Daga nan na fara lura. A da ana cewa Yaya ba shi da lafiya. Yanzu sai a ce "abin nan da yake jikinsa". A wani ɗaurin aure aka zuba wa kowa shayi a ƙaramin kofin gilashi, shi aka kawo masa a kofin takarda. Wadda ta kawo ta ce gilashin ne suka ƙare. Ina kallon tire cike da su a bayanta. Yaya ya karɓa ya ce, "Madalla, wannan ya fi cin shayi." A wurin cin abinci maza suna kewaye faranti ɗaya, sai aka fara zuba masa nasa daban, wai saboda gishiri. Gaskiya ne likita ya hana shi gishiri. Amma shekarun da suka wuce ma an hana shi, kuma a faranti ɗaya yake ci, yana ture nama gefe.

A cikin wannan hali 'yata ta samu ciki, na fari, bayan jira mai tsawo da zuwa asibiti da addu'a. Tana aure a unguwar Shisha, a bene ɗaya da uwar mijinta. Hajiyar mutuniyar kirki ce, ba zan ɗauki alhakinta ba, amma irin mutanen nan ne da komai suka gani a waya ya zama hadisi.

Cikin ya tsufa, rannan 'yata ta zo mini da hantsi. Ina gyaran kuɓewa a kicin. Ta ja kujera ta zauna da ƙyar, ta ɗauki wuƙa tana taya ni, tana yanka su manya manya yadda ta san ba na so. Na ce, "Ke, faɗi abin da ya kawo ki kafin ki ɓata mini miya."

Ta ce, "Ummi, maganar dabino ce."

Na ce, "Me ya samu dabino? Kawunki har ya aika Madina a kawo masa."

Ta ajiye wuƙar. Ta ce, "Ummi, yawunsa ne fa. Cikin bakin jariri."

Na ce, "Ke da wane yawun aka yi miki?"

Ta ce, "Ni kafin ya tafi yaƙin ne."

"Ƙannenki fa? Ga su nan ƙatti, ɗaya har ƙofa ba ta ɗaukarsa."

Ta ce, "Na sani. Wallahi na sani. Hajiya ta ce in dai za a yi, to, ba a gidanta ba. Amma ba don Hajiya ba ne, Ummi, kada ki ɗora mata. Ni ce. In na rufe ido yaran nan nake gani." Ta ɗora hannu a kan cikinta, hawaye yana zuba, ba ta ko share ba. "Ki gaya masa. Ni ba zan iya kallon fuskarsa ba."

Na so in yi mata faɗa. Bakina ya cika da shi. Amma na dubi hannun nan a kan cikin, na tuna shekarun da ta yi tana zuwa sunan 'ya'yan ƙawayenta tana dawowa ta shige ɗaki. Sai na ce, "Bari in tambayi masu sani tukuna."

Na bi Yaya asibiti ranar wankinsa, na ce matarsa ta huta. Ɗaki ne dogo, gadaje a jere, kowa da injinsa yana juya jini. Yaya ya san kowa, yana shiga yana tsokana. Wani tsoho ɗan Yaman ya ce masa, "Ya direba, yau ma ka zo a cika maka tanki?" Yaya ya ce, "A'a, yau juyewa za a yi, kai dai riƙe bokitinka." Da aka haɗa masa igiyoyin ya lumshe ido, sai na lallaɓa na bi likitar, wata 'yar Sudan mai tabarau, na tare ta a baranda. Na gaya mata komai, har da gurasar.

Ba ta yi mini dariya ba. Ta ce, "Hajiya, wani ƙarfe ne mai nauyi ƙwarai. Ana tace shi a cire mai ƙarfin a yi wasu ayyuka da shi, ragowar kuma ita ake sa wa a kan harsashi don tana huda tanka."

Na ce, "Kamar dusa ke nan."

Ta ce, "To, ce dusa. Amma dusar ma ba abin wasa ba ce. In ta bugi ƙarfe takan kama wuta ta zama ƙura. Wanda ya shaƙa ko ya haɗiya, tana iya zama a jikinsa, kuma ƙoda tana cikin abin da take taɓawa. Wannan gaskiya ne."

Na ce, "Ita ce ta cinye masa ƙoda ke nan."

Ta ce, "Ban sani ba. Ba kuma zan ce miki na sani ba. Dubi ɗakin nan. Sukari da hawan jini ne suka cika mini shi, da mutanen da ko a hoto ba su taɓa shiga tanka ba. Yayanki yana da su duka biyun. Ko ƙurar ta ƙara wani abu a kai, bayan shekarun nan masu yawa, Allah ne masani."

Na ce, "Yaran Iraƙi fa?"

Ta cire tabarau ta goge. Ta ce, "Yaran gaskiya ne, wahalar iyayensu gaskiya ce. Abin da ya jawo, masana har yau ba su gama jayayya a kai ba, don yaƙi yana barin guba iri iri a ƙasa da ruwa, ba wannan kaɗai ba. Amma ki riƙe wannan: ba mura ba ce. Ba a ɗaukarta a kofi, ba a ɗaukarta a musafaha ko a faranti."

"Dabinon fa?"

Ta ce, "In don wannan ƙarfen ne, ban ga abin tsoro a bakinsa ba. In kuma likita kike tambaya, ni yawun kowa ba na so a bakin sabon jariri, har naki, saboda ƙwayoyin cuta." Ta mayar da tabaranta, ta ɗan yi murmushi. "Amma ni ma kakana ne ya yi mini."

Na kwashe maganar nan kaf, ban zubar da ko kalma ba, na kai wa 'yata. Ta saurara har ƙarshe. Ta ce, "Ummi, ta ce ba ta sani ba."

Na ce, "A kan ƙodarsa ta ce ba ta sani ba. A kan dabino ta ce babu tsoro."

Ta ce, "Na ji. Kaina ya yarda. Nan ne bai yarda ba." Ta nuna ƙirjinta. Me za ka ce wa mai ciki wata tara da ta gaya maka haka?

Sai ya rage ni da Yaya. Na dafa masa miyar kuka ba gishiri, na tuƙa tuwon shinkafa, ɗana ya sauke ni a Ka'akiyya bayan azahar. Na same shi a kishingiɗe, fanka tana kaɗawa, kwalin ajwar da aka kawo masa daga Madina yana kan firji, ko buɗe shi bai yi ba. Tun a mota nake shirya magana, ina shiga ta watse. Na yi zancen zafi. Na yi zancen hayaniyar masu rushe gidaje a unguwarmu. Yana cin tuwo yana kallona.

Ya ce, "Me daktora ta ce miki? Na gan ki kin bi ta kamar mai bin kaza."

Na ce, "Ashe ba barci kake ba."

"Wa yake barci ana juya masa jini? Faɗi."

Na faɗa masa. Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Haka ta gaya mini ni ma. Na riga ki tambaya, tun ranar kofin takarda." Ya suɗe yatsa. "Kin san abin da yake damuna? Da bakina na ba su labarin. Da na yi shiru, da yanzu ciwon sukari kawai gare ni kamar kowa."

Na ce, "Yaya, mutane ne ba su da sani."

Ya ce, "Ni ina da shi? Ina kwance a gadon nan ina kallon jinina yana fita yana dawowa, ina cewa ko akwai baƙin abin nan a ciki. Ba mai iya ce mini babu." Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Yarinyar tsoro take ji?"

Na kama gefen mayafina ina murzawa.

Ya ce, "To." Sai ya tura kwanon gabana. "Miyar nan taki, ko ruwan wayit ɗina ya fi ta ɗanɗano. Ki ji tsoron Allah, ko ɗan daddawa ki ƙara."

Haka na tashi na tafi, ban san me "to" ɗin nan take nufi ba. Ko zai ƙi zuwa ne? Ko zai zo ya yi abinsa kamar bai ji ba, a yi abin kunya a gaban surukai? Na kasa tambaya.

Ta haihu lafiya, mace. Da aka sallame su, gidana aka kawo ta wankan jego kamar yadda muke yi. Falon ya cika da la'asar, 'yan'uwa da surukai, Hajiya tana zaune a kujerar kusa da ƙofa da jakarta a cinya. Sai ga sallamar Yaya tun daga matakala, yana hawa yana hutawa. Ya sa farar tobinsa, doguwar rigarsa ta Juma'a, ya sha turare, kwalin ajwa a hammata. Na ga 'yata ta ƙanƙame jaririyar. Na ga kuma ta sassauta, ta tashi da kanta ta ɗora masa ita a cinya.

Ya buɗe zanen ya leƙa. Ya ce, "Marhaba da baƙuwa. Ke kuma ina takardunki?" Aka yi dariya, amma gajeriya. Ya sunkuya ya yi mata huɗuba a kunne, a hankali, har ƙarshe. Sannan ya buɗe kwalin, ya zaɓi ajwa guda, ya cire ƙwallon, ya yi bismilla. Ba mai motsi a falon. Ina jin ƙarar fanka da numfashin Hajiya.

Sai ya miƙa wa 'yata dabinon. Ya ce, "Ungo, 'yar Kawu. Tauna. Haƙorana sun yi ritaya."

Kowa a falon nan ya san haƙoran Yaya. Mutumin da yake fasa goro da su kamar gyaɗa. 'Yata ta durƙusa a gabansa ta karɓa, ta sa a baki, tana taunawa tana kuka, har na ji tsoron kada ta ƙware. Ya ce, "A hankali, ba abincin rana ba ne. Ya yi laushi? To, lakato kaɗan. Kaɗan na ce, ke, za ki cika mata ciki ne?" Ya kama wuyan hannunta, nesa da yatsan, ya kai shi bakin jaririyar. "Sama, can ganɗa. Yauwa. Juya." Ɗan bakin ya tsuke, ya buɗe, ya kama tsotso. Ya ce, "Tamu ce." Muryarsa ta ɗan karye a wurin, sai ya yi tari ya rufe.

Na kawo shayi. Nasa ba sukari, a kofin gilashi na gidana. Ya sha rabi ya ajiye. 'Yata tana zaune a ƙasa jikin gwiwarsa, sai ta miƙa hannu ta ɗauki kofin ta shanye ragowar, a gaban uwar mijinta, a gaban kowa. Ta yamutsa fuska ta ce, "Khali, wannan ai magani ne." Ya ce, "Wa ya aike ki?" Ya ɗora tafin hannunsa a kanta ya bar shi a wurin. Jaririyar kuwa a cinyarsa ta yi barci har aka kira magariba, ba wanda ya ce a karɓe ta.

Na yi ta tunanin wannan kofin. Ita mai shayarwa ce, abin da ta sha ai jaririyar ta sha. In tsoron na lissafi ne, da ba ta taɓa shi ba. Amma ban taɓa ce mata haka ba.

Daga ranar Yaya bai sake tauna wa kowa dabino ba. Ba wanda ya hana shi. Haihuwar da ta biyo baya ta matar ƙaninmu ce, ita ba ta jin tsoron komai, har roƙonsa ta yi. Ya ce a'a, in ya yi wa wannan bai yi wa waccan ba, wata rana za a yi wa yarinyar gori. Sai ya zama uwa ce take taunawa, shi ya riƙe hannu. Ya ƙara 'yan shekaru a haka, sannan Allah ya karɓi abinsa, aka yi masa salla a Harami. Har ya tafi ba a san ko ƙurar ce ko sukarin ba. Masu cewa ita ce suna nan, masu cewa ba ita ba ce suna nan, wani lokaci mutum ɗaya ne yake faɗar duka biyun.

Jikar tawa yanzu ta shiga makaranta, lafiyarta ƙalau, baki kamar rediyo. Larabci ya fi mata sauƙi, amma da ni Hausa take yi, tana karya ta. Kwanan baya yaran dangi sun taru a gidana, manyan cikinsu suna ta tsohon gorinsu, wannan ya ciji yatsan Kawu, waccan ba ta yi kuka ba. Sai ta baro su ta same ni a kicin, ta ja mini zane. Ta ce, "Kaka, ni wa ya yi mini dabino? Mama ta ce in tambaye ki."

Na ce ta bari in sauke tukunya. Tukunyar ta sauka, ta huce, yarinyar ta koma wasa ta manta. Amma na san halinta, za ta dawo. In na ce uwarta ce, gaskiya ne, sai ta ce don me ba Kawu ba, alhali yana raye yana zaune a wurin. In na ce Kawu ne, bai tauna ba. In kuma na kwashe duka na gaya mata, da tankokin da ƙurar da tsoron uwarta, ban san wanda zan sa ta ji haushi ba, kuma babu wanda nake so ta ji haushinsa a cikinsu.

Kai da ka zauna ka ji shi tun daga farko, in ta dawo ta sake ja mini zane, me zan ce mata?